Sayen irin dankalin Turawa nau'i-nau'i don lambun rani

Malam Habibu, Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina da lambu a bayan gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 15, da rijiya a gefensa, kuma a bana na ƙudurta shuka dankalin Turawa da rani a madadin kayan miyan da na saba shukawa. Burina shi ne in sayi iri nau'i uku daban-daban, domin iyali su sami na soyawa da na fate, ni kuma in gane wanda ya fi karɓar ƙasarmu. Masu sayarwa sun ambata mini Nicola da Marabel da Diamant da Connect, kowannensu yana yabon abin da ke cikin buhunsa. Ina roƙon masu sani su faɗa mini waɗanda suka dace da rani a wajenmu, da yawan da zai ishi wannan fili, da inda ya kamata in saya, da kuma lokacin da ya kamata irin ya kasance a hannuna.

Alhaji Ɗanladi, Bokkos:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin mu shiga sunaye, ina so ka fara duba kalanda, domin ita ce za ta zaɓa maka iri. Mu nan kan tudun Filato muna sama da mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa muke shuka dankali da damina a watan Afrilu ko Mayu, mu sake shukawa da rani a bakin ruwa. Ku a Zariya ba ku da wannan sarari. Damarku guda ce, wato hunturu, kuma gajere ne. Dankali yana zuba 'ya'ya ne idan ƙasa ta yi sanyi, kamar digiri 15 zuwa 20, idan kuwa dare ya fara ɗumi sai ya koma yin ganye kawai, ƙasa ba komai. Saboda haka irinka ya shiga ƙasa a farkon Nuwamba, kada ya wuce tsakiyarsa, domin ka tone a Fabrairu kafin zafin bazara ya kama.

Daga nan sai ka ga cewa nau'in da ke saurin nuna shi ne abokinka. Marabel tana kan gaba a wannan, domin takan nuna da cikar wata uku ko ma kafin haka, cikinta rawaya ne, fatarta sumul, kuma 'yan kasuwa suna sonta. Nicola tana biye da ita, ita ce wadda muka daɗe da ita a gonakinmu har kowa ya san ta da ido, doguwa mai rawayan ciki. Diamant da Connect sun fi jinkiri. Ban ce kada ka gwada su ba, amma idan za ka gwada, ka ba su kunya kaɗan, kuma su ne za ka fara binnewa.

Hajiya Binta, Kano:

Baba Alhaji ya yi magana ta fuskar gona, ni kuma zan yi ta fuskar murhu, tunda Malam Habibu ya ce na ci a gida yake nema. Nicola ba ta narkewa a tukunya. Idan aka dafa ta takan tsaya da jikinta, don haka ta dace da fate da dafa-duka da haɗin salak, amma idan aka soya ta sirara ba ta yin ƙaras-ƙaras yadda ake so, takan yi laushi ta sha mai. Diamant ta fi ta gari a ciki, ruwanta kaɗan ne, ita ce masu suyar dankali da ƙwai suke farin ciki da ita. Marabel tana tsakani, tana shiga ko'ina ba tare da ta ba uwargida kunya ba. Shawarata ita ce, ko da Diamant tana da jinkiri, kada a bar ta a baya, domin gidan da ke da yara soyayye ne zai fi tafiya a cikinsa.

Malama Rakiya, malamar gona, Jos:

Ina gaida Baba Alhaji da Hajiya, kuma na yarda da abin da suka faɗa. Sai dai ina so in ja hankalin Malam Habibu zuwa ga abin da a ganina ya fi sunan nau'i nauyi, wato lafiyar irin kansa. Dankali ba da ƙwaya ake shuka shi kamar masara ko gero ba, da jikin uwar ake shuka shi, saboda haka duk cutar da ke jikin uwa tana wucewa ga 'ya'ya kai tsaye. Darɓa, wannan ƙaramin ƙwaron da ke tsotsar ganye, ita ce ke ɗaukar ƙwayoyin cuta daga tsiro zuwa tsiro, kuma kowace shekara aka sake shuka irin da aka ajiye daga gona ɗaya, cutar tana ƙaruwa, ganye yana naɗewa yana yin dabbare-dabbare, 'ya'ya suna ƙara ƙanƙancewa. Manomi sai ya ce ƙasarsa ta gaji, alhali irin ne ya gaji. Nicola ta fito daga Jamus tun 1973, kuma yawancin wadda ke yawo a kasuwanninmu ta yi shekaru ana juya ta daga gona zuwa gona ba tare da an sabunta ta ba. Marabel mai lafiya za ta fi Nicola da ta gaji, haka kuma Nicola mai lafiya za ta fi Marabel da ta gaji.

Abin da ya fi wannan haɗari ga mai ƙaramin lambu shi ne cutar yaushi. Ita ƙwayar bakteriya ce da ke shigowa cikin iri, ta zauna a ƙasa shekaru. Mai babbar gona zai iya ƙaura zuwa wani ɓangare, amma mai lambun bayan gida idan ta shiga masa ba shi da wurin gudu, kuma ba dankali kaɗai take kamawa ba, har tumatir da tattasai da attaruhu da yalo da gauta, domin dukansu dangi ɗaya ne. A nan ne nake da tambaya, Malam Habibu. Ka ce kayan miya ka saba shukawa a filin. Waɗanne ne, kuma ka taɓa ganin tumatir ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore ne, ƙasa kuma a jiƙe take?

Malam Habibu, Zariya:

Na gode, Malama. Rabin filin da ke kusa da rijiya tumatir da attaruhu nake sa wa, ɗaya rabin kuma albasa da kabeji da karas, da damina kuwa masara ce ke cin filin duka. Ban taɓa ganin irin wannan yaushin ba, sai dai tsutsar da ke ɓarnar tumatir a wasu shekaru.

Malama Rakiya, Jos:

Alhamdu lillahi. To, da ni ce, da na keɓe wa dankali rabin da ya ci albasa da kabeji a bana, in bar ɓangaren tumatir ya huta daga wannan dangi na shekara biyu ko uku kafin dankali ya shige shi. Wannan zai rage maka kuɗin iri da rabi, kuma ga lissafin. Ana barin santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 30 tsakanin rami da rami. A filinka duka za ka sami kunya 20 masu tsawon mita 10, kowace tana ɗaukar rami 33, wato rami 660 ke nan. Irin da ya dace shi ne mai girman ƙwan kaza, kaurinsa milimita 35 zuwa 45, nauyinsa wajen giram 50, saboda haka filin duka zai ci kilo 33, rabinsa kuma kilo 16 zuwa 17. Ka ƙara kilo biyu ko uku saboda waɗanda za ka tsince ka zubar. Idan ka raba nau'i uku, ka ga kowanne bai wuce kilo shida ko bakwai ba.

Malam Garba, mai sayar da dankali, Kano:

Ina neman afuwar Malama, amma akwai abin da ya kamata a faɗa don kada a tsoratar da mutum. Duk lokacin da aka tashi wannan magana sai a nuna kamar irin kasuwa guba ne, alhali da shi mafi yawan manoman Filato da Kaduna da Kano suke noma, kuma da shi ake cika motocin da ke sauke kaya a kasuwar Yankaba ta Kano. Ingantaccen iri mai takardar shaida yana da kyau, ba wanda ya musa, amma ina yake? Mutumin da ke neman kilo shida na wannan da kilo shida na wancan, wane kamfani ne zai saurare shi? Kuma kuɗinsa yakan ninka na kasuwa. Ni a ganina Malam Habibu ya je wurin mai sayarwar da ya yarda da shi, a ware masa ƙanana masu kyau daga cikin kayan da suka zo daga kasuwannin Mangu ko Maikatako na Filato, ya shuka abinsa. Lambun gida ne, ba gonar haya ba.

Alhaji Ɗanladi, Bokkos:

Malam Garba, ka faɗi gaskiya a kan ƙarancin ingantaccen iri, kuma mu da muke cikin abin mun fi kowa jin zafinsa. Amma a kan ware ƙanana daga buhun kasuwa, a nan ba na tare da kai, kuma zan faɗi dalili. Ƙaramin dankali iri biyu ne. Akwai wanda ya yi ƙanƙanta saboda uwarsa lafiyayya ce ta zuba 'ya'ya da yawa, akwai kuma wanda ya yi ƙanƙanta saboda uwarsa ba ta da lafiya, iyakar abin da ta iya ke nan. A cikin buhu ba mai iya bambance su. Kuma da yake mara lafiya ce ta fi haifar ƙanana, wanda ya tsinci ƙanana daga tarin kasuwa ya tsinci marasa lafiya da hannunsa, ya kuma biya kuɗi a kai. Abin da malaman gona suka koya mana, muka ga amfaninsa, shi ne a shiga gona lokacin da take fure, a kafa tsinke a gindin kowane tsiro mai ƙarfi da ganye lafiyayye, a sake dubawa kafin ganye ya bushe, sannan a tone waɗannan daban a ajiye su iri. Manomin da ke yin haka, irinsa ba shi da takarda, amma ya yi wa na kasuwa nisa.

Sannan akwai maganar gauraye. Dillali yana saye daga gonaki da yawa ya zuba wuri ɗaya, kuma Marabel da Nicola da Connect duk masu rawayan fata ne, idan ƙasa ta shafe su sai ƙwararre. Malam Habibu yana so ya gwada nau'i uku ya ga bambancinsu. Idan buhun da aka ce masa Marabel ce ya ƙunshi nau'i biyu ko uku, sai ya ga kunya ɗaya wani tsiro ya bushe wani yana fure, bai san ranar da zai yanke ruwa ba, bai san ranar tono ba, gwajin kuma ya tashi a banza.

Malam Garba, Kano:

Na karɓi maganar ƙanana, Baba, domin hujja ce mai ƙarfi. Amma a kan gauraye, ba dukanmu ba ne. Akwai waɗanda suke saye daga manomi ɗaya shekara da shekaru, sun san gonarsa, kuma idan ka ce iri kake so ba na ci ba, za su faɗa maka gaskiya ko akwai ko babu. Abin da zan ƙara don amanar sana'a shi ne, mai neman iri ya guji dankalin da aka wanke tas aka jera a manyan kantuna, musamman wanda ya zo daga waje, domin wasu ana sa musu maganin hana tsiro don su daɗe a ajiye. Wannan ko ka binne shi sai dai ya ruɓe a rami.

Malam Isuhu, Filinge, Nijar:

Ina gaida jama'a baki ɗaya. Mu a nan yanayinmu ya fi kusa da na Malam Habibu fiye da na Filato, domin a Bonkuku da kewayenta cikin kwarin Dallol Bosso da sanyin hunturu kaɗai muke noman dankali, kuma zafi yana zuwa wajenmu kafin ya zo wajenku. Yawancin irinmu daga Faransa da Holan yake zuwa cikin buhu mai kilo 25, a ɗinke, da takardar shaida shuɗiya a bakinsa wadda ta nuna sunan nau'i da girmansa da ƙasar da ya fito. Nau'o'in da muka sani sun haɗa da Rosanna da Désirée masu jar fata, da Sahel, da Spunta mai dogayen manyan 'ya'ya. Spunta tana cika buhu da wuri, amma ruwa ya yi mata yawa, ba ta jure ajiya. Masu jar fata sun fi jure wahalar hanya a ganinmu.

Amfanin wannan iri a fili yake, domin tsiro yakan tashi bai ɗaya, kunya ta cika ba giɓi. Matsalarsa biyu ce, tsada da latti. A Turai sai ƙarshen daminarsu suke tono, sannan a tantance, a loda a jirgin ruwa, a biyo hanyar mota mai nisa. Shekarar da ya iso a kan kari, manomi ya yi murna. Shekarar da ya iso cikin Disamba kuwa, ko da ya fi kowane iri lafiya, zafi ne zai tarye shi yana tsakiyar zuba 'ya'ya. Saboda haka ina ƙarfafa maganar Baba Alhaji ta farko. Iri matsakaici da ya shiga ƙasa a kan lokaci ya fi iri na musamman da ya makara. 'Yan'uwanmu na duwatsun Ayar a arewacin Nijar, wajen Tabelot da Bagzam, su Allah ya ba su tudu da sanyi kamar mutanen Filato, shi ya sa suke iya juya nasu irin, mu kuwa kowace shekara sai mun saya.

Malama Rakiya, Jos:

Malam Isuhu ya taɓo abu muhimmi, kuma ya kai mu ga batun da ba a yi ba tukuna, wato shekarun iri, ko in ce watanninsa. Dankalin da aka tone yau ba ya tsira gobe. Yakan yi barci na wata biyu zuwa uku, gwargwadon nau'insa da zafin wurin ajiya. Idan Malam Habibu ya sayi sabon tono a ƙarshen Oktoba ya binne a Nuwamba, zai zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa makonni bai motsa ba, wani ya ruɓe, wanda ya fito kuma ya makara. Abin da ya dace da shi shi ne tonon damina na Yuli ko Agusta daga Filato, domin zuwa Nuwamba ya farka daidai. Alamar wanda ya shirya ita ce tsiro uku ko huɗu gajeru masu kauri, kore ko masu ɗan shunayya, tsawonsu santimita ɗaya zuwa biyu, jikin dankalin kuma da ƙarfi idan an matsa. Wanda ya fitar da tsiro ɗaya tak a kai bai gama farkawa ba, a karye wannan tsiron domin sauran idanu su buɗe, tunda yawan rassa shi ne yawan 'ya'ya. Wanda kuwa ya yamushe ya fitar da dogayen fararen tsiro kamar zare, ya tsufa a cikin duhu, ƙarfinsa ya ƙare.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗebi kamar goma daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka tsaga su biyu a gaban mai kaya. Idan ka ga zobe mai ruwan ƙasa a kewaye ɗan nesa da fata, ko ka matsa wani farin ruwa mai kauri ya fito daga zoben, ko ka ga ƙasa ta manne a idanun dankalin saboda danƙo, wannan cutar yaushi ce, ka bar buhun duka, kada ka ce za ka tsince. Idan fatar ta loɓa ta yi duhu, ƙarƙashinta kuma ya yi launin tsatsa, wannan cutar ƙunar ganye ce ta sauko cikin 'ya'ya. Idan akwai ƙananan ramuka da baƙin gari a bakin ido, tsutsar ajiya ce. Kore a fata kuwa ba aibi ba ne ga iri, yana ma ƙara masa juriya, sai dai ba a cin sa.

Mukhtar, Gembu:

Ina gaida iyayena. Ni ƙarami ne a wannan harka, amma ina mamakin yadda aka tura Connect baya. Mu a tudun Mambila cutar ƙunar ganye ita ce babbar abokiyar gabarmu, cikin mako ɗaya takan mayar da koren gona baƙa, kuma ita ce ta jawo yunwar ƙasar Ayalan daga 1845. Connect an san ta da jure wannan cuta. Haka kuma a 2023 an saki sababbin nau'o'i huɗu a Najeriya, Unica da Juriya da Babban da Kyau, ta hannun cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa mai reshe a Kuru kusa da Jos, tare da cibiyar dankali ta duniya da ke Lima a ƙasar Peru. Me zai hana Malam Habibu ya fara da waɗannan, maimakon Nicola da ƙuna ke cinyewa?

Alhaji Ɗanladi, Bokkos:

Ɗana Mukhtar, tambayarka tana kan hanya, kuma da Malam Habibu a Gembu ko a Bokkos yake zai shuka da damina, da Connect ce farkon abin da zan ambata masa, domin mun ga shekarun da Nicola ta ƙone ƙurmus tana tsaye kusa da ita kore shar. Amma ƙuna tana son sanyi tare da laima, ganye ya kwana a jiƙe, hazo ya wuni. Hunturun Zariya sanyi ne busasshe, iska tana tsotse raɓa tun hantsi. Cutar tana iya leƙowa idan iri ya zo da ita, ko idan ana watsa ruwa a kan ganye da yamma, amma ba ita ce babbar barazanarsa ba. Barazanarsa zafin ƙarshen Fabrairu ne. To, ba hikima ba ce ya biya jinkirin mako biyu ko uku don kariya daga abin da da wuya ya same shi. Kowane nau'i da wurin da yake fitar da mai shi kunya.

A cikin sababbin da ka lissafa, Unica ce nake ganin ta cancanci kunya ɗaya ko biyu a lambunsa, domin an san ta da jure ɗumi fiye da nau'o'in Turai, jar fata gare ta, kuma tana soyuwa da kyau, wanda zai biya buƙatar da Hajiya ta kawo. Sharaɗin shi ne ya same ta daga hannun da za a iya bin sawunsa. Duk lokacin da sabon suna ya yi tashe, jan dankali kowane iri sai ya koma Unica a bakin masu talla. Ya tuntuɓi reshen Kuru ko ofishin malaman gona, su nuna masa manoman da ke ninka irin a ƙarƙashin kulawarsu.

Hajiya Binta, Kano:

Idan Unica za ta samu ta gaskiya, na janye dagewata a kan Diamant. Idan ba ta samu ba, ina nan a kan bakana. Ina kuma da tambaya ga Malama. Na ga wasu suna yanka babban dankali gida biyu ko uku su shuka, don iri ya yalwata. Shin Malam Habibu zai iya yin haka ya rage kashe kuɗi?

Malam Isuhu, Filinge:

Kafin Malama ta amsa, mu muna yankawa, Hajiya, domin irin waje yakan zo da manya kuma kuɗinsa ba ya barin a binne guda sukutum. Muna yanka shi a tsaye yadda kowane ɓari zai tashi da ido biyu aƙalla, mu shanya a inuwa mai iska kwana biyu ko uku har fuskar yankan ta bushe ta yi fata, wasu kuma suna barbaɗa toka.

Malama Rakiya, Jos:

Abin da Malam Isuhu ya bayyana daidai ne ga irin da aka tantance lafiyarsa. Ga irin gida da ba shi da shaida, ba na ba da shawarar yanka ko kaɗan, domin wuƙar da ta ratsa dankali ɗaya mai cutar yaushi za ta shafa wa duk waɗanda suka biyo baya. Idan ya zama dole, a riƙa tsoma wuƙar cikin ruwan bilic bayan kowane guda. Amma a lissafin kilo 20, abin da za a tsimi bai kai haɗarin ba. Ya sayi mai girman ƙwai ya binne shi guda, zurfin santimita 10, tsiro yana kallon sama.

Ina so kuma ya cire ran ajiye iri daga abin da zai tone. Daga Fabrairu zuwa Nuwamba wata tara ne, cikinsu har da bazara, kuma babu ɗakin gida a Zariya da zai riƙe dankali tsawon haka bai yamushe ko ya ruɓe ba. Amfanin gwajin bana shi ne ya san sunan da zai nema baɗi da mutumin da zai koma wurinsa. Don haka ya kafa alama a kan kowace kunya, ya rubuta suna da ranar shuka, ya ba su taki da ruwa daidai wa daida, ranar tono kuma ya auna kowane nau'i daban.

Malam Habibu, Zariya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Zan shuka rabin filin da ya ci albasa, kunya goma. Biyar Marabel, uku Nicola, biyu kuma Unica idan na same ta ta hanyar Kuru, in ba haka ba Diamant, kuma waɗannan biyun su zan fara binnewa. Zan nemi tonon Yuli ko Agusta daga manomin da ke zaɓen iri a gona, zan kuma tsaga a gabansa kafin in biya. Baba Alhaji, idan akwai wanda ka amince da shi a wajenku, ina roƙon ka haɗa mu ta saƙon sirri. Sauran abin da ban sani ba shi ne yadda zan riƙe irin daga ranar da ya iso zuwa ranar shuka.

Alhaji Ɗanladi, Bokkos:

Zan haɗa ka da mutum biyu, in sha Allahu, ka zaɓa da kanka bayan ka ga kayansu. Ka yi ƙoƙari irin ya iso hannunka a tsakiyar Oktoba. Kowane nau'i ya zo cikin nasa buhun mai raga, ko kwando, da suna a rubuce ciki da waje, kada a zuba shi a leda, kada kuma direba ya ɗora masa kaya ko ya bar shi a rana a tasha, domin tsiron da ya karye a hanya sai ya ɗauki lokaci kafin wani ya maye gurbinsa. Da zarar ya iso ka zazzage shi, ka shimfiɗa a kan katako ko tabarma, kada ya hau kan juna fiye da biyu, a ɗakin da haske ke shiga da iska amma rana ba ta dukansa. Ka riƙa dubawa kowane kwana biyu kana cire wanda ya yi laushi ko wari. Ka jiƙa kunyoyin kwana ɗaya kafin shuka, sannan ka ɗauko irin a faranti ko daro, nau'i ɗaya bayan ɗaya, ka gama da wannan kafin ka taɓa wancan.